Maɓallai Tara a Fuskar Wata

Tun tana 'yar shekara bakwai aka laƙaba mata Sai-na-gani, sunan kuwa ya bi ta har furfura. Mahaifinta magini ne. In ya jera bulo ya ce layi ya miƙe, sai ta tsuguna a ƙarshen katangar, ta rufe ido ɗaya, ta ce, "Sai na gani, Baba." Yawanci layin ya miƙe ɗin. Amma wani lokaci akan samu bulo ɗaya da ya turo ciki waje, sai uban ya yi tsaki ya gyara, yana cewa yarinyar nan sai ta hana shi cin abinci a garin nan.

A makaranta ba ta yi fice a komai ba sai zane da gardama. Da ta gama, zanen ya samar mata aiki a ofishin safiyo, a ɗakin taswira da ke hawa na biyu. Dogayen tebura shida ne a ɗakin, kowanne da gilashi a sama da fitila a ƙarƙashi, ga fanka a rufi wadda ba a taɓa kunnawa ba don kada ta kwashe takardu. Safiyoyi su je daji su dawo da lambobi, ita ta mayar da lambobin tituna da rafuka da iyakokin gonaki. Abin da ta fi kowa iyawa shi ne haɗa baki: inda takarda ɗaya ta ƙare wata ta fara, dole hanyar da ta fita daga ta farko ta shiga ta biyu daidai wa daida. Takan ce wa sababbin ma'aikata, "Tsakiyar takarda kowa na kallo. Ƙarya a baki take ɓuya."

A nan ta haɗu da mijinta, Mai Agogo, wanda ke da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar benen da ke kallon ofishin. Ta kai masa gyara, ya ce ya gama, ta ƙi karɓa sai da ta tsaya minti goma sha biyar tana gwada agogonta da na bangonsa. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace mai taurin kai irin wannan ba, kuma yana so ya ci gaba da gani. Suka haifi 'ya ɗaya, wadda ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a kan tebur guda. Sai aka kawo kwamfutoci. Wata Litinin Oga ya kira ta ofishinsa, ya ba ta kujera, abin da bai saba ba.

"Kin yi mana aiki, ba mai musu," in ji shi. "Amma yanzu inji ke haɗa baki. Cikin daƙiƙa yake yin abin da kike yi a mako."

"Ranka ya daɗe, in ya yi kuskure wa zai gani?"

"Ba ya kuskure."

Ta miƙe ta koma teburinta. Ta tattara alƙalumanta na tawada da rula da reza, ta naɗe su a tsumma, ta sauko. Da aka shirya ɗan taron sallama, ba ta je ba.

Zaman gida ya so ya kashe ta. Ta gyara labule, ta sake gyarawa, ta auna teburin falo ta ce ƙafarsa ɗaya ta gaza, har Mai Agogo ya fara tafiya shago tun kafin lokacinsa. 'Yar ce ta kawo magani. Ta zo da wata tsohuwar kwamfutarta, ta buɗe wani shafi a intanet.

"Mama, duba nan. Akwai kumbon da ke kewaya wata yana ɗaukar hotuna. Hotunan sun yi wa masanan yawa, shi ne suka yayyanka su ƙanana-ƙanana, suna neman duk mai lokaci ya taya su ƙirga ramukan da duwatsun sama suka fafe a jikin watan. Duk ramin da kika gani, ki zagaye shi da da'ira. Shi ke nan."

"Injin nasu fa?"

"Yana ruɗewa. Wai idon mutum ya fi shi."

Sai-na-gani ta yi wata dariya mai ɗaci. "Wato can an kore ni saboda inji, nan kuma inji ya gaza ana neman ido. Matso mini da kujerar."

Daga ranar ta mayar da shi aiki. Ƙarfe takwas na safe ta zauna, ƙarfe biyu ta tashi, kamar mai sa hannu a ofis. Mai Agogo in zai fita sai ya leƙo ya ce, "Duk duniya ke kaɗai na sani mai kallon wata da hantsi." Ta ce masa ya je ya ji da agogunansa da ba su taɓa yarda da juna ba.

A wata na bakwai da fara aikin aka ba ta wani hoto wanda tsakiyarsa fili ne fetal, ba abin zagayewa sai ramuka biyu. Wani zai zagaye su ya wuce. Ita kuwa hannunta ya saba, sai da ta bi baki. A gefen dama ta ga wasu rabi-rabin da'irori a jere, kamar ɓera ya gutsuttsura takardar. Ta sa 'yarta ta nemo hoton da ke maƙwabtaka da shi, aka buga mata duka biyun a shagon buga takardu na bakin titi. Ta warware tsummanta, ta datse bakin kowanne da reza, ta manna su a gilashin taga yadda hasken rana zai ratso ta baya, ta yi ta matsar da su har suka haɗu.

Ramuka ne. Ƙanana, a layi ɗaya ɗoɗar, tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya, kamar maɓallan riga. Ta ƙirga takwas, sannan can ƙarshe ga wani ƙarami wanda ƙasa ta rufe rabinsa. Tara.

Ta rubuta wa mai kula da shafin, 'yarta ta juya mata saƙon zuwa harshen da suke ji. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, cike da ladabi. Wai sun gode da himmarta, amma abin da ta gani kuskure ne da kan faru wajen haɗa hotuna, bakin hoto ba abin dogaro ba ne, ta riƙa mai da hankali ga tsakiya.

Sai da ta sa aka karanta mata sau biyu.

"Ni za a koya wa bakin takarda? Yaron da ya rubuta wannan, ina haɗa baki tun uwarsa ba ta yaye shi ba."

"Mama, ƙila fa da gaskiyarsu. Su ne masu abin."

"Wata na ubansu ne?"

Ta tsaya kai da fata sai an nemo mata wasu hotunan wurin, waɗanda aka ɗauka a wasu ranaku daban. 'Yar ta yi ta tono a ranakun hutunta har ta samo biyu: ɗaya rana na haskowa daga gabas, ɗaya daga yamma. Sai-na-gani ta ari ɗan gilashin da Mai Agogo ke maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ta duƙufa. A hoton farko inuwa ta kwanta a cikin kowane rami, ta gefen gabas. A na biyu ta koma gefen yamma, duka taran.

Ta kira mijinta ta nuna masa. "Duba da kyau. Kuskuren inji ba shi da inuwa. Abin da ya juya inuwarsa don rana ta juya, wannan abu ne, yana nan."

Mako shida ta yi tana zane a kan takarda mai shara-shara, da tawada, kowane rami da faɗinsa da tsawon inuwarsa, da ƙananan lambobi a gefe masu kyau kamar bugun inji. Aka ɗauki hoton zanen aka aika wa mai kula da shafin. Shiru. Aka sake aikawa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Da ta ga haka, sai ta naɗe zanen, ta hau mota biyu zuwa jami'ar garin, ta yi ta tambaya har aka nuna mata sashen masu nazarin sararin sama. Sakataren sashen ya dube ta, ya dubi naɗin takardar.

"Mama, Farfesa ba ya ganin kowa sai da alƙawari."

"To ba ni alƙawarin."

"Sai wata mai zuwa, in ya samu sarari."

"Ba komai, ɗana. Ni ba ni da aikin yi, an sallame ni."

Ta zauna a bencin da ke bakin ƙofa. Ranar farko Farfesa ya wuce ta sau huɗu, dogon mutum mai saurin tafiya, kullum waya a kunne. Rana ta biyu haka. Rana ta uku, da ta ji takunsa a matakala, sai ta warware zanen a ƙasa, a daidai bakin ƙofarsa, ta danne kusurwoyin da takalmanta da jakarta. Ya rage nasa, ko ya taka ko ya duba.

Ya tsaya. Ya sauke wayar. Ya tsuguna.

"Wa ya zana wannan?"

"Wadda ka wuce kwana uku ba ka gaisar ba."

Kunya ta kama shi. Ya ce, "A gafarce ni, Baba. Shigo ciki." Ya buɗo hotunan a babbar kwamfutarsa, ya yi ta gwada lambobinta da nasa har shayin da sakatare ya kawo ya huce. Daga ƙarshe ya jingina da kujera ya ce ramuka ne, babu shakka, kuma bai ga inda wani ya taɓa rubuta su ba. Ya bayyana mata cewa mai yiwuwa dutse ɗaya ne ya tarwatse kafin ya faɗo, gutsattsarinsa suka sauka a jere, ko kuma ɓaraguzai ne da wani babban karo ya watso. Kowane rami bai wuce filin ƙwallo ba.

"Amma takwas na gani," in ji shi. "Na taran nan ban yarda da shi ba."

"Tara ne."

"Za mu gani."

"Ni na riga na gani."

Da yamma, rana na shirin faɗuwa, ya hau da ita rufin ginin inda madubinsu na hangen nesa yake. Rabin wata ya riga ya fito, fari fat a sararin da bai gama duhu ba. Ta sa ido, ta ga tsaunuka da manyan ramuka kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Ta nemi nata ta rasa.

"Ba za su fito a wannan ba," in ji Farfesa. "Sun yi ƙanƙanta. Daga nan ƙasa ba mai ganinsu da irin wannan madubi."

Ta ɗago ido daga madubin. Abin ya sosa mata rai fiye da yadda ta zata. Sai ta gyara mayafinta ta ce, "To, nuna mini dai unguwarsu." Ya nuna mata wani fili mai toka-toka kusa da wani ƙaton rami. Ta daɗe tana kallon wurin.

Wata uku bayan haka Farfesa ya kira ta ta ga takardar da ya rubuta don mujallar masana. Zanenta ne a shafi na biyu, lambobinta ne a na uku. A sama sunansa ne shi kaɗai. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an gode wa wata mai aikin sa-kai da ta ja hankalinsa ga wurin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta cire zanenta daga bangon ofishinsa inda ya manna shi, ta naɗe.

"Baba, haka tsarin yake. Ba ki da digiri, ba ki cikin wani sashe, masu mujallar za su yi tambaya."

"In sun tambaya ka ce su zo su same ni. Ka rubuta takardarka da naka zanen."

A gida Mai Agogo ya yi ƙoƙarin lallashi. "Ki bi a hankali mana. Mutanen nan manya ne, shi ya buɗe miki ƙofa."

"Ni na buɗe, da takalmina. Ka ji, Malam, shekara talatin da ɗaya ina zana taswira, sunan Oga ke ƙasa. Na yi shiru don aikin ofis ne, aiko ni aka yi. Wannan kuwa ba wanda ya aike ni."

Mai Agogo ya san in ta ƙeƙasa ƙasa ba mai tayar da ita. Ya ce Allah ya ba Farfesa haƙuri.

Mako biyu ba wanda ya nemi wani. A na uku sai ga mota a ƙofar gida. Farfesa ne da kansa, ya sunkuyar da kai ya shigo ɗan falonsu, ya zauna a teburin nan mai gajeriyar ƙafa. Ya ce ya gwada sake awon da kansa, nasa bai kai nata tsafta ba. Ya kuma ce kumbon ya sake wucewa ta wurin a lokacin da rana ta yi ƙasa sosai, inuwa ta yi tsawo, ga sabon hoto. Ya ajiye a gabanta. Na taran ya fito raɗau.

"Tara ne," in ji shi. Sannan ya miƙa mata shafin farko. Sunanta na nan kusa da nasa, haruffa girma ɗaya.

Ta karanta, ta ce an rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba, a gyara. Sannan ta tashi ta dafa masa shayi.

Saura suna. A nan ne ta gamu da abin da ya fi Farfesa tauri. Ya gaya mata akwai wani kwamiti na masana daga ƙasashe da yawa, su kaɗai ke da ikon sa wa wani abu suna a jikin wata, kuma bisa ƙa'idarsu jerin ramuka yakan ɗauki sunan babban ramin da ke kusa da shi. Babban ramin nan kuwa yana ɗauke da sunan wani masani da ya mutu tun shekara ɗari biyu.

"Shi mamacin ya taɓa ganinsu?"

"Ina fa. A zamaninsa ba hoto."

"Yana da ƙaton rami shi kaɗai, bai ishe shi ba, sai an ƙara masa da nawa?"

"Ko ni ba zan iya sa musu sunana ba, Baba. Ba a sa sunan mai rai."

"Wa ya ce sunana nake so? Sunansu nake so. Maɓallai. Duk wanda ya gan su ya san haka suke."

Ta rubuta wa kwamitin. Suka amsa da ladabi, suka kawo mata ƙa'ida lamba kaza. Ta sake rubutawa, ta ce ƙa'ida mutane suka yi ta, kuma ta ga an sauya ƙa'idoji da yawa a ofis ba tare da sama ta faɗo ba. Suka sake amsawa, a taƙaice. A shekara ta biyu suka fitar da sanarwa: jerin ya shiga taswirar wata, da sunan mamacin.

'Yarta ta yi tsammanin za ta karaya. Sai ta tarar da ita tana goge takalmi, wai gobe Farfesa zai yi lacca a kan ramukan, an gayyace ta.

Zauren ya cika da ɗalibai. Ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya. Farfesa ya haska hoton a bango, ya ambaci sunan da kwamiti ya bayar. Ta ɗaga hannu. Ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba, ya sake ambata. Sai ta miƙe tsaye, ta juya ta fuskanci ɗaliban.

"'Ya'yana, ku dubi bangon nan. Me kuka gani?"

Ɗalibai suka zuba wa hoton ido. Can wata ɗaliba daga baya ta ce, "Kamar maɓallan riga."

"Allah ya yi miki albarka. Sunansu ke nan. Wancan na jarrabawa ne, ku rubuta shi ku ci. Ci gaba, Farfesa."

Zauren ya ɓarke da dariya da tafi. Farfesa ya cire tabarau ya goge, shi ma yana dariya, kuma har ya gama laccar bai ƙara kiran sunan mamacin ba. A sashen nan, daga ranar, ba mai cewa komai sai Maɓallai. Da wani ɗalibinsa ya yi bincike a kan yadda ramukan suka samu, ya rubuta sunan kwamiti sau ɗaya a shafin farko don cika ƙa'ida, sauran shafukan duka Maɓallai. Har mai kula da shafin nan da ya ce ta riƙa kallon tsakiya ya aiko da saƙon ban haƙuri, ya ce sun sauya yadda suke yanka hotuna, yanzu kowane hoto yana shiga cikin maƙwabcinsa kaɗan. Ta ce a amsa masa da cewa ta ji, kuma ya gaishe da iyayensa. Taswirar kwamiti dai ba ta sauya ba.

Shekaru suka ja. Yanar ido ta fara rufe mata idon hagu, aka yi mata aiki a asibitin da 'yarta ke aiki. Likita ya ce ta huta wata guda, ta huta kwana tara. Mai Agogo ya rufe shago don hannunsa ya fara rawa, ya dawo yana zama kusa da ita da safe, yana riƙe mata takarda a gilashin taga in tana haɗa baki, suna faɗa a kan wanda ya motsa.

Tana da shekara sittin da takwas ta ga wani jerin kuma, ramuka biyar a gindin wani tsauni. Ta zana, ta auna, ta aika wa mai kula da shafin. Wannan karon amsa ta zo cikin kwana biyu, da hotuna uku a haɗe. Wai ba ramuka ba ne, manyan duwatsu ne da suka gangaro daga tsaunin suka tsaya a jere. Ta ce ƙarya ne. Ta sa aka buga hotunan, ta maƙala gilashin mijinta a ido, ta yini a kansu. Inuwar tana faɗuwa ne a bayan kowanne, nesa da rana, yadda inuwar tudu ke yi. Ta ajiye gilashin.

"Sun yi gaskiya," ta ce.

Mai Agogo ya dafe ƙirji. "Maimaita, ban ji ba. Shekara arba'in ina jiran kalmar nan daga bakinki."

"Ba da kai nake ba."

Washegari da safe, da 'yarta ta biyo kafin ta wuce asibiti, ta tarar da takardu biyu a kan tebur, an rubuta su da tawada. Ta farko layi uku ce, zuwa ga mai kula da shafin: duwatsu ne, ta yi kuskure, ta gode da hotunan. Ta biyu shafi biyu ce cur, zuwa ga kwamitin, wasiƙa ta goma sha ɗaya.

"Mama, har yanzu? Sun fa ce maganar ta ƙare."

"A wurinsu. Na ji an sauya shugaban, sabon bai san ni ba tukuna. Zauna ki juya mini, kuma kada ki sassauta inda na ce ba su da kunya."

'Yar ta duba agogo, ta ajiye jakarta, ta ja kujera.